Jinjina ga masu rainon gawo

Wanda ya ratsa gonakin Magarya da Dungas da damina zai ga gawo tsaye tsirara, gero kuma ya yi duhu a gindinsa. Haka halinsa yake: ya zubar da ganye lokacin da shuka ke neman rana, da rani ya ciyar da awaki da 'ya'yansa.

A kan rainon itatuwa a gona, duniya ta fi sanin Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aikin mishan da ƙungiyar SIM a Maraɗi. A 1983 ya lura cewa kututturan da ake ƙonewa a gona suna da rai, ya ɗauki kula da ƙasa a matsayin hidimar Ubangiji. A 2018 aka ba shi lambar Right Livelihood, kuma ya cancanta.

Amma ni, Kirista, manoman da ke rainon gawo nake yi wa jinjina, akasarinsu Musulmi. Tun zamanin sarakunan Damagaram ake hana saran gawo. Ga yadda ake rainonsa: mutum ya tsugunna da adda gaban kututture, ya zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya yi ta fama da masu neman itacen girki har bishiya ta fi ƙarfin akuya. Sassaben zamani ke nan.