Jar Miya da Kwalin Ragowa: Nazarin Gidajen Abincin 'Yan Italiya a Ƙananan Garuruwan Amurka

A fim ɗin Big Night na 1996 akwai wani wuri da masu sharhin abinci ba sa gajiya da ambato. Wa da ƙane daga Italiya sun buɗe gidan abinci a wani garin bakin teku na jihar New Jersey, cikin shekarun 1950. Aka kawo wa wata mata shinkafar risotto, ta dubi farantin ta ga bai cika mata ido ba, ta ce a haɗo mata da taliya, har tana sa ran taliyar za ta zo da curin nama. Wan, wanda shi ne kukun gidan, ya fusata a kicin. Masu kallo kan goya masa baya, su yi wa matar kallon baƙauya. Ni ina bayan matar. Abin da ta nema girki ne mai tarihinsa da ƙa'idojinsa, kuma shi ya ciyar da ƙananan garuruwan Amurka fiye da shekara ɗari.

Zargin da ake yi wa wannan girki sananne ne. Amurkawa na kiran wuraren da ake sayar da shi gidajen jar miya, sau da yawa da raini a bakinsu. Wai abincin jabu ne, ba a san shi a Italiya ba. Wai miya ta nutsar da taliya, tafarnuwa ta yi yawa, cuku ya lulluɓe komai, kuma farantin mutum ɗaya zai ƙosar da uku. Muryar masu wannan ra'ayi ta yi ƙarfi bayan 1973, shekarar da Marcella Hazan ta fitar da littafinta na farko ta fara koya wa Amurkawa girkin yankunan Italiya, musamman na arewa. Hazan gwana ce, babu ja. Almajiranta ne suka mayar da darasinta bulalar dukan girkin talakawan kudu.

Tarihin a taƙaice yake. Daga 1880 zuwa 1924, lokacin da dokar shige da fice ta Amurka ta tsuke ƙofa, 'yan Italiya fiye da miliyan 4 sun tsallaka teku, akasarinsu manoman kudu daga kewayen Napoli, Kalabriya, Abruzzo da tsibirin Sisili. Da yawansu 'yan ci-rani ne da suka zo da niyyar komawa. A gida abincinsu burodi ne da wake da ganye; nama sai ranar biki. A Amurka suka tarar da aiki mai wuya da wulaƙanci, amma suka tarar da nama da farin gari da arahar da ba su taɓa gani ba.

Ana yawan ba da labarin kamar a birnin Niyok kaɗai ya faru. Alhali aikin haƙar kwal da fasa dutse da shimfiɗa layin dogo ya watsa su cikin garuruwan da ba kowa ya san sunansu ba. A Old Forge ta jihar Pennsylvania, garin mahaƙa kwal, har yau a tire mai kusurwa huɗu ake gasa fiza, kuma da sunan tire ake odarta. A Krebs ta jihar Oklahoma, Pietro Piegari ya ji rauni a ramin kwal, ya koma ciyar da mutane a gidansa, a 1925 wurin ya zama gidan abincin Pete's Place. A Tontitown ta jihar Arkansas, wadda limamin Katolika Pietro Bandini ya kafa da jama'arsa a 1898, taliya da soyayyar kaza ake haɗawa a tebur ɗaya: taliyar daga Italiya, kazar daga kudancin Amurka. Galibin irin waɗannan gidaje daga kicin ɗin iyali suka faro, inda mace ke dafa wa gwagwaren lebura da ke haya a gidanta, kafin a ƙara tebur, a rataya allo a ƙofa.

Maganar asali ba ta buƙatar dogon musu. Shi kansa tumatir daga nahiyar Amurka ya je Turai a ƙarni na 16, kuma sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 19 aka fara ganin taliya da miyar tumatir a littattafan girkin Italiya. Alberto Grandi, malamin tarihi a Jami'ar Parma, ya tayar da ƙura a ƙasarsa da ya nuna cewa abinci da dama da ake yi wa kirarin gargajiya kwanan nan suka samu siffarsu. To wane asali ake aunawa da shi? Na wace shekara, na wane ƙauye? Wanda ya bar Kalabriya a 1900 bai bar menu mai hawa huɗu a bayansa ba. Yunwa ya bari.

Wanda ke son fahimtar gidan jar miya, ya bar kallon menu ya tafi wurin tukunya, domin a nan gwanintar take. Uwar tukunyar ita ce miyar Lahadi, jikar ragù na Napoli. Ana fara ta da sassafe. A zuba man zaitun a tukunya mai kauri, a soya nama har ya yi ja sosai ta kowane ɓangare. Naman da ake zaɓa shi ne mai tauri da jijiya, wanda mahauci ke sayarwa da araha: kafaɗa, haƙarƙari, wuya. Akwai kuma braciole, yankan naman sa da aka buga ya yi falefale, aka shimfiɗa masa tafarnuwa da ganyen fasli da cuku, aka naɗe kamar tabarma aka ɗaure da zare. Idan naman ya soyu sai a kwashe shi. Abin da ya kama a gindin tukunya ba a wanke shi, shi ne jarin miyar. A cikin man nan ake soya albasa da tafarnuwa, sannan tumatirin gwangwani mai kauri, a yi ta juyawa har launinsa ya tashi daga ja zuwa na jan bulo. Duk uwargidan da ta san bambancin miyar da aka soya tumatirinta da wadda aka tafasa kawai ta san abin da ke faruwa a wannan mataki. Sai a zuba sauran tumatir, a mayar da nama, a rage wuta.

Rage wutar nan shi ne sirrin. Mutanen Napoli suna da kalma ta musamman, pippiare, don yanayin da miya ke ciki idan ba ta ɓararraka, sai kumfa ɗaya ta taso ta fashe, a jima wata ta biyo. Haka za ta zauna awa huɗu, biyar, wani lokaci fiye. Cikin awannin nan abubuwa uku ke gudana tare. Jijiya da guringuntsi suna narkewa su ba miyar danƙon da zai sa ta kama jikin taliya. Ruwan tumatir yana ƙonewa, tsaminsa ya lafa, zaƙinsa ya fito ba tare da an zuba sukari ba. Kitsen nama kuma yana gauraya da man zaitun ya taso gefen tukunya da launin ruwan goro. Mai haƙuri, in ji Bahaushe, yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Wannan miya ita ce romon. Da haka mai ci zai iya gane gidan ƙwarai tun kafin ya kai loma ta uku. Ya karkata farantin: idan ruwa ya gangaro daga ƙarƙashin taliya, an yi gaggawa. Idan zaƙin ya tsaya a kan harshe kamar na alewa, an rufe gaggawar da sukari.

Curin naman da matar fim ta nema yana ɗauke da tarihin duka a cikinsa. A kudancin Italiya polpette ƙanana ne, kuma yawanci ba a kan taliya ake cin su ba. Burodin jiya da aka jiƙa ya fi naman yawa a ciki, don talauci. Da iyalan suka samu nama a Amurka sai curin ya girma har ya kai dunƙulen hannu. Amma ba su fitar da burodin ba, kuma nan ne basirarsu ta bayyana. Curin da aka yi da tsuran nama yakan ƙanƙance ya yi tauri a miya. Burodin da aka jiƙa da madara, tare da ƙwai da cuku, shi ke riƙe ruwa ya bar curin da laushin da cokali mai yatsu zai raba shi ba tare da wuƙa ba. Dabarar da talauci ya koyar, wadata ta riƙe ta saboda ta fi daɗi. Haka labarin kazar parmigiana: a kudu babbar gauta ake yankawa a soya a jera da miya da cuku, a Amurka ƙirjin kaza ya hau gurbin gautar, tsarin bai canja ba.

A Napoli ana fara cin taliya da miyar, sannan a kawo naman a faranti na biyu. Haɗa su a faranti ɗaya shi ne babban laifin da masu suka ke gani. Ni kuwa gyara nake gani: lebura mai hutun rabin awa da maƙwabcinsa Ba'amurke da ya saba ganin nama kusa da dankalinsa, su ne masu ciniki, kuma girkin da bai saurari masu cinsa ba mutuwa yake yi. Tukunya ɗayar nan ce kuma ke riƙe da rabin menu: taliya, lasagna, kaza, har burodin da ake cusa wa curin nama. Shi ya sa iyali ɗaya ke iya tafiyar da gidan, shi ya sa kuma kowane gida ke da ɗanɗanon da ba a samu a wani wuri. Ranar da aka canja hannun da ke juya tukunya, tsofaffin masu ciniki ne ke fara sani.

Ɗakin cin abincin ma yana da nasa tsari. Shimfiɗar tebur mai gida-gida ja da fari, hotunan kakanni da na ƙungiyar ƙwallon makarantar garin a bango, kwandon burodi da ke sauka kafin ka ce komai. Mai gidan yakan zaga tebur-tebur yana gaisawa, mai kawo abinci ta san wanda ba ya cin albasa da wanda matarsa ke asibiti. A ƙaramin gari nan ake cin abincin bayan jana'iza, nan ake taron kammala makaranta, nan saurayi ke kai budurwa ranar farko. Kamfanin Olive Garden, da aka buɗe a Orlando a 1982, ya kwaikwayi burodin da yalwar ya baza su ko'ina a ƙasar, amma shimfiɗar fuska ba a aiko ta daga hedikwata. Musulmin da ya shiga irin wannan gida ya tambaya tukuna, domin tukunyar Lahadi sau da yawa tana da naman alade, wasu kuma na zuba giya; miyar marinara ta tumatir da tafarnuwa ba ta da nama, kuma mai gidan ƙwarai zai gaya maka gaskiyar abin da ke tukunyarsa.

Saura zargi na ƙarshe, girman faranti, kuma a nan ne nake ganin masu suka sun fi yin kuskure. Suna lissafin abin da ciki ɗaya zai ɗauka. Mai gidan kuwa ya san ba za ka cinye ba. Da gangan ya zuba, kuma kwalin da za a zuba maka ragowa yana jira tun kafin ka zauna. Mutanen da suka taso suna raba burodi ɗaya tsakanin yara shida ba sa ɗaukar cewa baƙo ya ƙoshi sai sun ga ya bar saura. Farantin da aka sharce tas abin kunya ne ga mai gida, alama ce cewa ya yi rowa. Suna da kalmar abbondanza, wato yalwa, kuma a ganina duk wannan girki tafsirin kalmar nan ce. Ita ce ta girmar da curin nama, ita ta ɗora kaza a wurin gauta, ita ta sa miya ta malala har gefen faranti.

Saboda haka nake cewa ba a yanke wa gidan jar miya hukunci a daren da aka ci abincinsa. Sai washegari. Mun san ɗumame, mun san akwai tuwo da miyar da kwana ke ƙara wa daɗi, akwai kuma wanda kwana ke tona wa asiri. Miyar da aka yi wa gaggawa takan rabu cikin dare, ruwa gefe, mai gefe. Wadda ta sha awa biyar a kan wuta kaɗan takan shige cikin taliyar, tafarnuwa ta kwanta, curin nama ya ƙara jiƙa. Wanda ya buɗe kwalin nan da rana a wurin aiki, ya ɗumama, ya ci ya ƙoshi karo na biyu da kuɗin jiya, ya karɓi abin da mai gidan ya nufa tun farko. Kakar mai gidan ta tsallaka teku ne don kada wani nata ya sake kwana yana tunanin abin da zai ci gobe, kuma jikanta ya sallame ka da abincin gobe a hannunka.