Da Kuɗinka, a Wayarka, Amma Sai da Izininsu

Ranar 3 ga Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya da su kashe turakunsu a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Da farko mako biyu aka ce. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, Tsafe da Bunguɗu da sauran ƙananan hukumomi kuwa sai da suka kai ƙarshen Nuwamba. Kwana biyu kafin umarnin, bayan sace ɗalibai a makarantar sakandaren Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, an rufe makarantun jihar, an kuma sa dokar hana fita: ƙarfe takwas na dare a Gusau, ƙarfe shida na yamma a sauran wurare. An riga an hana cin kasuwannin mako da sayar da fetur a jarka.

Asarar wancan lokaci ta fi ƙarfin a lissafa ta da wasa. Masu POS sun naɗe laimarsu, ɗan kasuwa ya rasa yadda zai tura kuɗi, mutane suka riƙa bin hanyar Tsafe zuwa Funtua don kawai su buga waya ɗaya, har ita ma Funtuar aka yanke ta da jihar Katsina ta bi sahu. Ban kawo zancen gem don in jera shi da waɗannan ba. Na kawo shi ne saboda watannin nan sun yi wa wata tsohuwar muhawara ta masu wasannin bidiyo gwajin da babu wani ɗakin bincike da zai iya yi: jiha guda, miliyoyin mutane, yara a gida tun shida na yamma, babu makaranta, waya a hannu, babu intanet ko ɗigo.

Muhawarar ita ce: gem ɗin da mutum ɗaya ke bugawa shi kaɗai, shi da na'urarsa, da wane dalili zai ƙi buɗewa sai an haɗa shi da intanet?

Duk wanda ya riƙe wayar Android a wancan lokaci ya san yadda gem suka rabu gida biyu. Ludo King da Temple Run da Subway Surfers suna buɗewa ko da sabis ko babu. PES na waya, wanda Konami ta mayar eFootball, ba ya wuce shafin farko sai ya gaisa da kamfaninsa, ko da kuwa kai da kwamfuta za ku buga, babu ɗan Adam na biyu a filin. Filin wasan da 'yan ƙwallon da muryar mai sharhi duk suna cikin wayar, sun cinye wuri, datar da aka sauke su da ita an biya ta. Izini kawai ya rage. A gidajen gem kuwa, inda yara ke biya su buga ƙwallo a tsohuwar PS2 ko PS3, damuwar mai shago man janareta ce da dokar hana fita. Na'urar da aka ƙera tun shekarar 2000 ba ta san an yanke komai ba.

Bari in ɗan buɗe cikin abin, tunda rubuta manhaja sana'ata ce. Idan gem ya ce sai da intanet, ɗaya daga abu uku yake yi. Ko dai yana tambayar babbar kwamfutar kamfani, wadda muke kira saba, cewa shin wannan mutumin ya biya. Ko yana ajiye inda ka tsaya da abin da ka tara a can wurinsu maimakon a wayarka. Ko kuma wani ɓangare na lissafin wasan ne da gaske ake yi a can. Na ukun ne kaɗai larura, kuma shi ne halin wasannin taron jama'a irin su PUBG da Free Fire, inda mutane da dama ke fili ɗaya, dole a sami alƙalin da zai ce wa ya riga wa harbi. Babu mai jayayya a kan waɗannan. Na farko da na biyu zaɓi ne, wani ne ya zauna a ofis ya yanke. A gem ɗin waya na kyauta akwai dalili na huɗu da ba a cika faɗa ba: talla. Yaro ya daɗe da gano cewa in ya kashe data talla ba ta fitowa, su ma kamfanonin sun gano ya gano.

Kamfanoni sukan yi wa zaɓi rigar larura, tarihin abin kuma ya sha tona su. A Mayun 2012 Blizzard ta fitar da Diablo III a kwamfuta da sharaɗin haɗi na dindindin. Daren farko sabobin suka kasa ɗaukar jama'a, waɗanda suka biya suka kwana suna kallon saƙon kuskure mai lamba 37. A 2013 wasan ya fito a PS3 da Xbox 360 yana tafiya lafiya lau ba tare da intanet ba. Na SimCity ya fi muni. Da EA ta fitar da shi a Maris 2013, shugabar sashen da ya ƙera shi, Lucy Bradshaw, ta ce akwai lissafi mai yawa da ake yi a sabobinsu, don haka raba shi da intanet ba ƙaramin aiki ba ne. Cikin 'yan kwanaki wani mai taɓa manhaja ya cire sharaɗin, birnin ya ci gaba da tafiya. Shekara guda bayan nan kamfanin da kansa ya fitar da tsarin buga shi babu haɗi. A Maris 2022 kuma gyaran saba ya kulle mafi yawan Gran Turismo 7 sama da awa talatin, har tseren da mutum ke yi shi kaɗai.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tarihi shi ne irin mutumin da masu yanke shawarar ke hangowa idan aka ce "wanda ba shi da intanet". A Afrilun 2013 wani jami'in Microsoft, Adam Orth, ya yi wa masu ƙorafi ba'a a Twitter. Hujjarsa ita ce ai wutar lantarki ma takan ɗauke wani lokaci, amma wannan bai hana kowa sayen injin shara ba. Da aka ambata masa ƙananan garuruwan Amurka masu raunin intanet, sai ya tambaya me zai kai shi zama a irin wurin. Bai daɗe ba ya bar aikin. Wata biyu bayan haka shugaban sashen Xbox, Don Mattrick, yana kare tsarin da zai sa sabuwar Xbox One ta nemi intanet sau ɗaya a kowace awa 24, ya ce wanda ba shi da haɗi sai ya tsaya a tsohuwar Xbox 360, misalin da ya zo masa a baki kuwa shi ne sojan da ke cikin jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku. Cikin watan Yunin nan kamfanin ya janye tsarin.

To, duba hujjar wutar lantarkin nan da idon mutumin Bunguɗu. Mu ai tun fil azal da ɗaukewar wuta muke lissafi idan za mu sayi kaya: fitila mai caji, fanka mai batir, waya mai riƙe wuta kwana biyu, ga sola a kan rufi ga mai hali. Kamfanonin waya irin su Tecno da Itel sun ci kasuwarmu ne da suka fahimci haka, suka ƙara girman batir, suka sa gurbin layi biyu. Mai ƙera gem ne kaɗai ke son mu gyara ƙasarmu ta dace da kayansa. Kuma wuta kana iya yi mata dabara. Sabis ɗin da gwamnati ta kashe babu janaretan da zai kunna maka shi.

A nan ne nake ganin muhawarar Turawa ta tsaya a rabin hanya. Bayan Ubisoft ta kashe sabobin wasan tseren mota The Crew a ƙarshen Maris 2024, wanda ya mayar da faifan da mutane suka saya abin ado, wani mai shiri a YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, kuma a Yulin 2025 takardar kokensu ga Tarayyar Turai ta wuce sa hannu miliyan ɗaya. Buƙatarsu mai kyau ce: in kamfani zai daina kula da wasa, ya bar shi a halin da za a iya bugawa. Sai dai tsoronsu na ranar da kamfani zai rufe ƙofa ne. Abin da ya faru a Tsafe daban ne. Sabobin Konami suna nan da ransu a Satumban 2021, hanyar zuwa wurinsu ce aka datse. Tsakanin yaron da ƙwallonsa akwai hannu uku: na kamfanin gem, na kamfanin waya, da na hukuma, kowanne yana iya rufe wasan shi kaɗai. Ga kuma na huɗu, aljihun uba, musamman tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Ko da kokon Turai ya ci nasara gaba ɗaya, bai taɓa ko ɗaya daga ukun ƙarshen ba.

Yanzu a ba ɗaya ɓangaren haƙƙinsa, domin yana da shi, kuma mu ne mutanen ƙarshe da ya kamata su yi kamar ba su sani ba. Satar fasaha a wurinmu ba a ɓoye take ba, shago gare ta. Ka miƙa waya ko memori, a loda maka fina-finai da waƙoƙi da gem a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, ka koma gida ka raba wa abokai ta Xender. Kannywood ta ga abin da wannan ya yi wa kasuwar faifai. Marubuciyar da ta kwana tana buga labari a waya, ta sa masa kuɗi, washegari ta gan shi yana yawo a rukunonin WhatsApp kyauta, ta san zafin abin fiye da kowane shugaban kamfani. Da Nintendo ta fitar da Super Mario Run a Disambar 2016 da sharaɗin intanet, Shigeru Miyamoto bai ɓoye ba, ya ce tsoron satar fasaha na cikin dalilan. Na fi girmama wannan amsa a kan ta SimCity, don aƙalla gaskiya ce.

Amma a tambayi wa sharaɗin ke kamawa. Kwafin da masu fasa manhaja suka cire wa kulle, wanda ake lodawa a shago, shi ne ke buɗewa babu sabis. Na halal ɗin ne ke tsayawa yana jujjuya alamar jira. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Wata uku ana koya wa yaro a aikace cewa kayan sata ya fi na saye aminci, sannan a dawo ana masa wa'azin haƙƙin mallaka. Kuma ba a rasa wata hanya ba. Steam yana da tsarin buga wasa babu haɗi bayan an tantance ka. Kantin GOG na kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan tun 2008 yake sayar da wasanni babu kulle ko kaɗan, a haka kuma The Witcher 3 ya sayu miliyoyi. Tantancewa sau ɗaya ranar saye, ajiye ci gaban wasa a cikin waya a tura shi sama duk ranar da aka sami sabis, duk wannan aikin da ɗalibin kwamfuta zai iya zanawa ne. Google ma, da ke rayuwa da intanet, ta sa ɗan wasan dabbar nan mai tsalle a Chrome tun 2014 don lokacin da haɗi ya yanke.

Mai karatun wannan mujalla zai iya cewa shi ba ya buga gem. Amma yana karanta littafi a waya, kuma sharaɗin ɗaya ne. A 2009 Amazon ta shiga na'urorin Kindle na mutane ta goge littafin 1984 na George Orwell da suka saya. A 2019 Microsoft ta rufe kantin littattafanta, littattafan da aka saya suka daina buɗewa, ta mayar wa mutane kuɗinsu. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a kasuwa, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Littafin soyayya na takarda da yayyenmu ke haya a shago, ko na haya ne, in ya shiga ɗaki ya shiga, ba ya neman izinin kowa a tsakiyar shafi.

Yanzu da samarinmu ke ƙera manhajojin sayar da littattafai da fina-finan Hausa, jarabar kulle komai a saba tana da ƙarfi, don ita ce amsa mafi sauƙi ga marubuciyar da ke kukan an sace mata labari. A ganina duk wanda zai rubuta sharhi a kan irin waɗannan manhajoji, ko a kan gem, ya ƙara gwaji ɗaya kafin ya yaba kyan launi da saurin buɗewa: ya sayi abu ɗaya, ya sauke shi, ya cire layin wayar, ya ajiye ta. Ba awa 24 irin ta Mattrick ba, ba kuma kwana talatin da Spotify ke ba waƙoƙin da aka sauke kafin ya nemi a sake haɗawa ba. Ya ƙirga daga 3 ga Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba, sama da kwana tamanin, sannan ya buɗe ya ga ko babi na gaba yana nan.