Kalmar "alhaki" a bakin masu jari

Ƴan'uwa ɗalibai, akwai wasu kamfanoni a Amurka da Turai da ke ce ma kansu masu zuba jari da sanin alhakin jama'a. Suna juya kuɗin mutane, su ƙi saka su a taba ko makamai, sannan su ware wani abu su ba ƙungiyoyin agaji na unguwa. Ni dai ɗalibin ilimin harshe ne, don haka maganarsu nake so mu auna.

Tushen abin ba wasa ba ne. A 1971 wasu limaman cocin Metodis biyu suka kafa Pax World don kada kuɗin mabiyansu su shiga yaƙin Biyetnam. A 1982 Calvert ya buɗe asusun da ya ƙi hulɗa da kamfanonin da ke ciniki da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, daga baya gidauniyarsa ta riƙa tara kuɗi ana ba masu gina gidajen talakawa da ƙananan ƴan kasuwa rance. Waɗannan mutane sun bar riba da gangan, sun cancanci yabo.

To amma ku ɗauki rahoton shekara na irin waɗannan kamfanoni a yau, ku duba aikatau. Mun tallafa, mun gina, mun ciyar. Kamfani ne mai aiki a kowace jimla, mutanen unguwa kuwa karɓau ne, sunansu "masu cin moriya". Ba su zaɓa, ba su ƙi, ba su tambaya. Harshen ya riga ya zaunar da su a tabarmar mai jiran sadaka.

Kalmar da Faransanci da Ingilishi ke amfani da ita wajen alhaki ta fito daga aikatau na Latin mai ma'anar amsawa. Ke nan mai alhaki shi ne wanda za a tsayar a tambaye shi, ya amsa. Wa kamfanin jari ke amsa mawa? Masu hannun jari. Yau Calvert yana ƙarƙashin Morgan Stanley, tun 2021. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci DWS, reshen Deutsche Bank, tarar dala miliyan 19 saboda abin da ya faɗa game da tsabtar jarinsa ya zarce abin da yake yi. Hukuma ce ta kama shi, don kare masu kuɗi. Ƙungiyar marayun da ta karɓi tallafi ba ta da bakin yin haka, tunda in baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Mu nan mun san bambancin kyauta da haƙƙi. Zakka ɗaya cikin arba'in ce, an san adadinta, an san masu ita, attajiri bai isa ya ce bana kasuwa ba daɗi zai dakata ba in nisabi ya cika. Tallafin kamfani kuwa, mai bayarwa ke yanke nawa, ga wa, har yaushe. Mutanen Akokan sun ga haka. COMINAK ba kamfanin jari ba ne, na haƙar yuraniyom ne, amma yarensu guda: ya gina asibiti, ya rufe a Maris 2021, tulin sharar ma'adini yana nan.

Da yawanmu, in mun gama jami'a a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ONG da furoje za su ɗauke mu tafinta. Mu za a miƙa ma waɗannan takardu mu juya su Hausa ma iyayenmu a ƙauye. Ranar, kafin ka rubuta "alhaki", tambayi mai furojen abu ukku: kashi nawa na riba ne wannan tallafi, wa ya zaɓi aikin, kuma gun wa za a kai ƙara in an daina. In ba amsa, rubuta "kyauta", don mutanenmu su san abin da aka ba su.