Sarƙar da ke Gindin Mutum-mutumin 'Yanci

Mutum-mutumin 'Yanci na birnin New York, wanda mutanen Faransa suka ba Amurka kyauta aka buɗe shi a 1886, galibi da fitilar hannunsa ake yabonsa. Amma abin da ya fi cancantar nazari yana ƙasa, watau tsinkakkiyar sarƙar da ke gindin ƙafafunsa.

Laboulaye, Bafaranshen da ya kawo shawarar ƙera shi, maƙiyin bauta ne, sarƙar nan kuwa ita ce ke tuna da bayin da aka 'yanta a 1865. To, Bartholdi, gwanin da ya tsara surar, ya ajiye ta can inda mai tsayuwa a ƙasa ba ya hango ta. Hannun hagu sai ya ba shi allo mai ɗauke da ranar 4 ga Yuli 1776, ranar da iyayengiji suka yi shelar 'yancin kansu alhali bayinsu na gona suna noma. Lalle ba ƙaramin aibi ba ne ga aikin, domin ya ɗaukaka 'yancin ƙasa, ya sakaya na bawa.

Shekara goma bayan buɗe shi, a 1896, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta ware baƙar fata daga farar fata a jirgin ƙasa.