Bindigar ɗuri ba ta buƙatar batir

A jihohin Amurka da yawa, hukuma na ware wa maharba wasu kwanaki na musamman da ba a farautar barewa sai da bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, dangin bindigar toka da muka sani. An yi musu wannan rangwame ne saboda makaminsu mai wuyar sha'ani ne: harbi ɗaya, ɗuri mai cin lokaci, da wutar da kan ƙi kamawa. Amma tun 1985, lokacin da Tony Knight ya fito da MK-85, wadda makunninta ke saitin bayan albarushi kai tsaye, masu ƙera bindiga suka shiga tseren kawar da wannan wahala. Suka ɗauko makunnin harsashin bindigar harbin tsuntsaye, wanda ake kira 209, suka rufe shi yadda ruwan sama ba ya taɓa shi. A 2007 kamfanin CVA ya fitar da Electra, mai kunna albarushi da batir. Ra'ayina shi ne, bindiga irin wannan ba ta da gurbi a kwanakin da aka keɓe wa gargajiya.

Dubi abin da mai bindigar ƙanƙara, wadda tartsatsin dutse ke kunnawa, yake fama da shi. Sai ya gyara bakin dutsen ya yi kaifi, ya ɗaure shi tamau da 'yar fata, ya zuba albarushi mai laushi a ɗan kaskon da ke gefe, ya tsare shi daga raɓa. In ya ja kunama, dutse ya karci ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kasko, wuta ta bi ta ƙaramar kafa ta isa ciki. Tsakanin walƙiyar da ke tashi dab da idonsa da fitar dalma akwai ɗan jinkiri, kuma dole hannu ya tsaya cak. Wannan ne ke tilasta masa sanɗa, da sanin iska, da kusantar dabba. In aka cire shi, an cire sana'ar, saura hayaƙi kawai.

Masu goyon bayan sabon salo suna da hujja mai nauyi. Sun ce wutar da ke kamawa nan take tana rage jikkata dabba, tana kuma rage haɗarin bindigar da kan yi shiru sannan ta tashi daga baya. Batun haɗarin gaskiya ne, shi ya sa ake koya wa maharbi ya ci gaba da saita bakin bindiga can nesa da mutane in ta ƙi tashi. Amma bindigar da ba ta tashi ba ba ta raunata komai. Abin da ya fi barin barewa da rauni shi ne harbi daga nesan da ya fi ƙarfin maharbi, kuma makunni na zamani haɗe da madubin hange shi ke zuga mutum ya gwada hakan.

Wasu kuma sun ce ai tarihin bindigar kansa tarihin sauyi ne. Haka ne. Alexander Forsyth, limamin coci a Sikotland, ya lura tsuntsayen ruwa na tserewa da zarar sun ga walƙiyar kasko, ya ƙirƙiro kunnawa da sinadari mai fashewa in an buga shi, ya yi rajistarsa a 1807, daga nan aka samu 'yar hular tagulla mai kunna albarushi. Sai dai Forsyth yana neman makami mafi inganci ne a zamaninsa. Wanda ke neman haka a yau yana da bindigar zamani da lokacin farautarta. Ba wanda ya ce a hana ƙera sababbin, su shiga wancan layi.

Jihar Fensilbaniya ta nuna hanya: tun 1974 take da lokacin farauta na bindigar ƙanƙara zalla, wanda yanzu ake buɗewa bayan Kirsimeti, cikin tsananin sanyi, kuma maharba ba su daina fita ba. Ya kamata sauran jihohi su ja irin wannan layi a kan makunni. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: wanda ya karɓi kwanakin gargajiya, ya karɓi wahalar da ta sa aka ba shi su.