Tsuntsun da Ke Tsaron Iyakarsa da Baki

Kafin 'yan Keke Napep su cika hanyar Kasuwar Kwastam, kafin a buɗe rumfuna, akwai hayaniyar da ke tashi daga kan itatuwan dogon yaro har zuwa bakin kogin Ngadda. Mai dawowa daga sallar asuba zai ɗauka murnar wayewar gari tsuntsaye ke yi. Yawancin masu kukan maza ne, kuma saƙon kowanne ɗaya ne: nan wurina ne, na kwana lafiya, kada wanda ya matso.

Gwanintar daga maƙogwaro ta fara. Tsuntsu mai waƙa, irin su kanari da suda, yana fitar da sauti ne daga can ƙasa, inda hanyar iska ta rabu biyu zuwa huhu, kuma kowane ɓangare na iya aikinsa daban. Shi ya sa ɗan abin da bai cika tafin hannu ba ke haɗa murya biyu a numfashi guda. Kuma ba da waƙar aka ƙyanƙyashe shi ba, koyonta yake yi daga manya, har ta kai tsuntsaye iri ɗaya kan bambanta karin waƙa daga wannan yanki zuwa wancan.

Ko kukan yana korar wani da gaske? A shekarun 1970 John Krebs ya gwada a dajin Wytham da ke kusa da Oxford a Ingila. Ya kwashe mazan wasu ƙananan tsuntsaye daga wurarensu, ya bar wasu wuraren shiru, wasu kuma ya sa lasifika tana rera waƙar irin tsuntsayen. Inda aka bari shiru nan baƙi suka fara mamayewa. Inda lasifikar ke sauya waƙa iri-iri kuwa, nan suka fi jinkirin shiga.

Abin da ya fi burge ni shi ne rigimar tana da matakai, kuma kowa ya san matakin da ake. Namiji ya san muryar maƙwabcinsa. Idan ya ji ta daga inda ya saba jin ta, ko kallo ba ta ishe shi ba, don an riga an raba iyaka. Amma a kawo wannan muryar ta ɓangaren da ba nata ba, ko a ji ta baƙo, nan take zai taso. Michael Beecher da abokan aikinsa, da suka daɗe suna bin wani ɗan tsuntsu a birnin Seattle na Amurka, sun nuna cewa idan namiji ya mayar wa abokin hamayya da ainihin waƙar da ya rera, to da shi yake, kamar mai rumfa ya kira sunan wanda ya ajiye masa tire a bakin ƙofa. Idan ya amsa da wata waƙar dabam, bai ɗauki abin da zafi ba. Idan ya yi shiru ya ja baya, magana ta ƙare ba a fige gashin kowa ba.

Mataki na ƙarshe ba a cika zatonsa ba. A 2006 William Searcy da abokansa sun gano cewa a irin wannan tsuntsu ba mai ɗaga murya ne ke kai duka ba. Wanda ya matso kusa, ya sassauta murya ƙasa-ƙasa yadda sai abokin faɗa kaɗai ke ji, shi ne ya fi kusa da afkawa. Duk wannan dogon zance kuwa saboda faɗa na da tsada: fiffike ya karye, ko shirwa ta samu dama.

Masu kama kanari a ƙasar Hausa sun daɗe suna cin moriyar wannan hali ba tare da lasifika ba. Sai su rataye keji a bishiya da namiji mai yawan kuka a ɗakin tsakiya, ƙofofin tarko a gefe, da ɗan gero. Na daji ya ji baƙo yana rera waƙa a cikin iyakarsa, ya sauko ya kore shi, ƙofa ta rufe.