Hidimar Jama'a a Manhajar Karatu: Maki ko Lada?

Tsarin haɗa darasin aji da aikin sa-kai, wanda ya bunƙasa a jami'o'in Amurka bisa tunanin John Dewey, manufarsa ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Tun ƙarni na 5 na Hijira Al-Khaɗib al-Bagdadi ya wallafa Iƙtida'ul Ilmil Amal kan wajabcin aiki da ilimi. Ɗalibin da ya halarci rabon gado, ko ya taya rarraba zakkar fidda-kai, yakan fahimci babin fiye da wanda ya haddace matani kaɗai.

Sai dai tsarin yana da illa biyu. Ta farko, idan aka ƙidaya sa'o'in hidima aka ba da maki a kansu, an cuɗanya neman lada da neman takardar shaida, alhali karɓuwar aiki tana rataye da niyya. Ta biyu, marayu da majinyata sukan koma abin gwaji: da zarar zango ya ƙare ɗalibai sun watse, buƙata kuwa tana nan.

Saboda haka abin da ya dace a auna shi ne rahoton ɗalibi, wato yadda ya danganta abin da ya gani da hukuncin fiƙihu. Hidimar kuwa a bar ta tsakaninsa da Ubangijinsa, jami'a kuma ta ɗauki nauyin ɗorewarta bayan jarrabawa. Allah ne Mafi sani.